Zoben da Ya Shiga Rediyo

Idan mace ta ba ka zobenta ka ajiye, kai kuma ka narkar da shi don amfanin mutanen garinsu, amana ka ci ko amana ka riƙe? Shekaru ina juya tambayar nan ban ga ƙarshenta ba. Abin da na sani kawai shi ne yadda aka yi.

A farkon damanar 1994 Tsahara ta shiga rumfar Badaru mai gyaran rediyo a kasuwar Konni, rungume da akwatin ƙarfe cikin zane. Ita ke taimaka wa majo, ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauyensu da ke bayan Dogarawa. Akwatin kuwa rediyon kira ne, da shi suke neman motar asibiti.

"Muna jin Konni kamar mai magana cikin rijiya," in ji ta, "su kau ba su jin mu sam."

Badaru ya ɗaga kai ya dube ta, ya manta da ƙarfen dalma mai zafi da ke hannunsa, sai da ya ƙona yatsa.

"Mai gyara," ta ce tana dariya, "kai wa zai gyara ka?"

Ya buɗe akwatin don ya ɓoye kunya, ya nuna mata wata 'yar waya a nannaɗe.

"Wagga ita ce matatar murya. Kamar rariya take, tana tace muryar da ake so, ta tare hayaniya. Amma wayar siririya ce, ga tsatsa ta yi mata kore. Rabin muryarku nan take mutuwa kahin ta hita."

Ya kankare tsatsar, abin ya ɗan yi sauƙi. Daga ranar direban taksin Dogarawa ya zama mai kai takardu tsakaninsu.

"Tsaharata, tunda kika tahi na gyara rediyo tara, kowace na kunna muryarki nike nema. Badaru."

"Mai Waya, ka bar nema cikin kayan mutane, ka zo gidanmu. Ga zobena na azurfa cikin takarda, na kakata ne. Ka riƙe min shi har ranar aure."

Ya je. Mahaifinta, Malam Labo, manomi ne mai son abin da ido ke gani. Ya fi karkata ga ba da ita ga Mumuni, direban motar siminti a Malbaza.

"Yaro, mi kake gyarawa? Iska? Ni ko bakina ba ni sa wa akwatin nan, balle in ba da ɗiyata ga mai hira da shi."

Da gero ya nuna, lokacin da macizai ke yawa a gonaki, rediyon ya sake shaƙewa. Majo ya kawo shi da kansa. Ana bukatar waya mai kauri wadda ba ta shanye murya, kuma sai an yi sati biyu kafin ta iso daga Sakkwato. Badaru ya daɗe yana juya zoben a tafin hannunsa. Ya san azurfa ta fi kowane ƙarfe barin murya ta wuce. Ya kuma san zoben ba nasa ba ne. Ya tashi ya nufi maƙera, aka narkar da shi, aka ja shi ya zama waya. Ya nannaɗe ta zagaye shida, ya dasa a matatar.

Mumuni ya gan shi a maƙera, kuma kafin la'asar labari ya riga rediyon isa ƙauye: Badaru ya sayar da zoben. Sai ga takardar Tsahara.

"An ce an ga zobena wurin maƙeri. In gaskiya ne, kar ka ƙara rubuto min."

Ya rubuto duk da haka. Ta cusa takardar ƙarƙashin tabarma ba ta buɗe ba.

Kwana biyar bayan nan, da hantsi, kububuwa ta sari Inna Saratu, mahaifiyar Tsahara, tana tsinkar wake. Aka kawo ta ɗakin shan magani a amalanke, dasashinta ya fara jini. Maganin sai Konni. Tsahara ta danna abin magana.

"Konni, Konni, kuna ji na?"

"Muna jin ki tar, kamar kina tsakar ɗakin nan. Mi ya faru?"

Kafin azahar mota ta iso da allurar. Malam Labo na tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai.

Sai da Inna ta fara shan kunu Tsahara ta buɗe takardar.

"Tsaharata, gaskiya ne, kuma ban nemi izininki ba, wannan laihina ne. Ban saida shi ba. Ki kwance bayan rediyo ki duba."

Ta kwance bayan rediyon. Ga wayar nan fara tas, zagaye shida. Ta kira mahaifinta ta nuna masa. Ya duƙa ya daɗe yana kallo.

"Zoben tsohuwata ke nan?"

"Shi ne, Baba."

Ranar Laraba Badaru ya je asibitin Konni gwada kira, kamar yadda ya yi wa majo alkawari. Tsahara ce ta amsa.

"Mai Waya, ban yahe maka ba tukuna. Da ka tambaye ni, da har 'yan kunne na haɗa maka."

"Na yi kuskure, Tsaharata."

"Ka yi. Tsaya, akwai mai son magana."

Malam Labo ya karɓi abin maganar da hannu biyu, kamar mai ɗaukar ƙwarya cike da nono.

"Nan ake dannawa? To. Badaru, kana ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Ka turo magabatanka ran Juma'a. Kuma cikin kayan aure ka sa zobe, wanda ba za ka dahwa ba. Allah shi yi muku albarka."

Bai saki madannin ba, don haka duk ma'aikatan da ke ɗakin a Konni suka ji shi yana tambayar ɗiyarsa ko ya faɗa daidai, kafin su amsa da amin.