Baƙin Keken Kaka

A can wani zamani, a ƙasar Holan mai shimfiɗa kamar faifai, inda kowa a kan keke yake yawo, an yi wata yarinya da kakarta ta ba ta wani baƙin keke. Kekunan ƙawayenta sakayau kamar kara, nata kuwa ko ɗaga shi ba ta iyawa.

Ran nan ta ɗauko sifana ta ce, "Kaka, keken nan nauyi gare shi! Yau sai na kwance tarkacen nan."

Kaka ta ce, "Fara ɗauko ƙanenki daga makaranta, zazzaɓi ya rufe shi. In kin dawo, kwance duk abin da bai yi aiki ba."

Tana ɗauko shi sai gari ya yi duhu, ruwa ya kece. Kujerar baya ta riƙe yaron, ta yi aikinta. Kwando ya riƙe jakarsa, ya yi aikinsa. Murfin taya ya tare taɓo, ya yi aikinsa. Fitila ta haska bakin rafi saura ƙiris su faɗa, ta yi aikinta. Iska ta taso daga teku da ƙarfin gaske, keke ko gezau.

Da suka iso, yarinya ta zagaya keken baki buɗe. Ta taɓa nan, ta taɓa can, ta rasa abin kwancewa. Sai ta ajiye sifana.

Kaka ta rungumi yaron ta ce, "'Yar nan, mai ɗaukar nauyin wani ai ba ya zama sakayau."