Ƙanƙara A Bayan Randar Adda

Da hantsin wata Talata cikin sanyin 1976 aka kira Sufeto Sama'ilu zuwa wani kamfanin rinin yadi da ke bakin garin Kazaure. An tsinci Malam Zarami, mai gwajin magungunan rini, kwance a ɗakin aikinsa an fasa masa ƙeya.

Kafin Sufeto ya iso har an yi masa aikinsa. Manaja ya sa an kulle Haladu direba, don kowa ya ji shi yana cacar baki da mamacin jiya. Sufeto ba ya son mai laifin da ake miƙo masa a dafe. Ya kuma san muddin ya sa hannu, igiya ce ke jiran Haladu.

A teburin mamacin akwai kwanon ƙanƙara da ta narke, da ma'aunin zafi, da 'yan kwalabe. Warin tsami ya cika ɗakin.

"Me yake aunawa?" Sufeto ya tambayi Rahamatu, mataimakiyar mamacin, wadda idonta ya kumbura da kuka.

"Asid ne, ranka ya daɗe, wanda muke kama launi da shi. Mukan ɗiba a kwalba, mu tsoma cikin ƙanƙara, muna duba ma'auni. Mai kyau yana daskarewa da ya sauko wajen digiri goma sha shida. In an sirka shi da ruwa, sai ya wuce nan yana ruwansa. Malam ya ce kwanan nan wani na sirkawa."

Haladu bai musa faɗan ba. "Ya ce ni nake tsiyayewa a hanyar Kano, yallaɓai. Na ji zafi na mayar masa da magana, amma wallahi ko yatsa ban ɗaga masa ba."

Daudu mai kula da sito kuwa amsarsa a shirye take. "Yadda aka kawo duro haka nake ajiye shi. Jiya ma tun la'asar ina gida."

Sufeto ya sa aka kwaso ƙanƙara daga firjin Manaja. Rahamatu ta fara da kayan da Haladu ya kawo jiya, waɗanda ba a ma sauke daga mota ba. Ma'auni na kaiwa sha shida, asid ya yi fari ya sandare. Ta koma kan na sito. Ma'auni ya yi ta sauka, abu yana nan tsululu.

"Ashe a sitonka ruwan ke shiga," in ji Sufeto.

"Ai ba ni kaɗai ke shiga sito ba," Daudu ya amsa.

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta dami Sufeto. Manaja ya riga ya buga waya sama, an ce gobe a wuce da Haladu Kano. Zato kawai ba ya hana mota tashi.

Da sassafe, sanyi na yankan kunne, Sufeto da wani Kofur suka yi sallama a gidan Daudu. Mahaifiyarsa, wata tsohuwa mai suna Adda, ita ta tarbe su, har da murnarta.

"Allah ne ya kawo ka, ɗan nan. An sa ɗana a gaba da asiri."

"Wane irin asiri, Inna?"

Ta ja shi bayan randa, inda yashi ke jiƙe, ta yaye buhu daga kan wasu jarkoki. Sufeto ya buɗe ɗaya, warin tsamin asid ya buge shi. Abin ciki ya daskare tamau.

"Tun da nake ban taɓa ganin ruwa ya zama ƙanƙara a Kazaure ba," ta ce. "Da asuba dutse, da rana ya narke. Ya ce ajiya wani ya ba shi, ni kuwa na san da mugun nufi aka ba shi. Na ce mu kai wa malam, ya ƙi. Shekaranjiya sai bayan magariba ya shigo, ko tuwo bai taɓa ba."

Sufeto ya mayar da murfin jarkar. Da ma daga bakin wani ya ji wannan magana.

Daudu na tsaye a bakin ɗaki, ya ji komai. Sufeto ya yafito shi zaure, nesa da tsohuwar.

"Tun la'asar kana gida, ko?"

Daudu ya jingina da bango. "Marinan Babura nake kai wa asid ɗin. Malam ya gwada na mota, ya gane ba Haladu ba ne, ya ce zai gaya wa Manaja. Na roƙe shi har ƙasa, ya juya mini baya. Ƙarfen buɗe duro na hannuna, yallaɓai."

"Kofur, sa masa ankwa. Sannan ka ruga caji ofis, ka ce kada motar Kano ta tashi da Haladu."

Suna fita sai ga Adda ta biyo su, tana gyara mayafi.

"Ɗan nan, ka gano wanda ya yi masa asirin?"

Sufeto ya kau da kai. Sai idonta ya sauka a kan hannun ɗanta. Ta daɗe tana duban ankwar, sannan ta zauna a dandamalin zaure.