Hoton Muhibba a Katangar Zuba

"Ɗaga kanki ki duba! Na ce ki ɗaga kanki, Muhibba!"

Ta ɗaga.

A jikin katangar da ke kallon inda tireloli ke sauke kankana, fuskarta ce. Fuskarta a ƙatuwar fosta wadda ta fi ƙofar gida tsawo, tana murmushi har da haƙora, riƙe da gorar lemon abarba. A ƙasa an rubuta LEMON MUHIBBA, LUGBE da jan rubutu, ga lambar wayarta ɓaro-ɓaro.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

Rabin kasuwar Zuba ta bar ciniki ta tsaya kallo. Wani direba ma, ko kunya babu, ya ɗaga wayarsa yana kwafar lambar. Tun daga Lugbe wayarta ke kuka a jaka da baƙin lambobi, sai yanzu ta gane dalili.

"Shekara ashirin da biyar ina dillancin kayan marmari a kasuwar nan," in ji mahaifinta Alhaji Yahuza. "Ba a taɓa nuna ni da yatsa ba sai yau. Me na ce miki ranar da na bar ki kika buɗe shago?"

"Baba..."

"Me na ce?"

"Ka ce in yi sana'a, amma kada ka ga fuskata a titi. Ka ce ranar da ka gani, ranar za ka rufe shagon."

"To ga ta. Ba ma a titi ba, a bakin rumfata!"

Ya finciki gefen fostar ya nuna mata can ƙasan kusurwa, inda masu buga takardu kan maƙala sunansu da ƙananan baƙaƙe don wanda aikin ya burge ya neme su. Maɗaba'ar Musaddiq.

Ana cikin haka mai sunan, wanda Alhaji ya riga ya sa aka kira, ya iso a kan acaɓa, hannayensa duk tawada. Musaddiq ke nan, wanda saura mako uku a ɗaura masa aure da ita. Ya durƙusa zai gaisa, Alhaji bai bari ya buɗe baki ba.

Tas!

"Kai ka buga wannan?"

Musaddiq ya dafe kunci ya kalli fostar. Kowa zai iya gani a idonsa cewa yau ya fara ganinta. Ya juyo ya kalli Muhibba, ita kuwa ta sunkuyar da kai. A wannan sunkuyon ya karanta komai.

"A shagona aka buga, Baba. Ni ne. Ita ba ta sani ba."

"To ka ji da kyau. Wanda ya rataye min 'ya a katanga tun bai aure ta ba, ban san inda zai rataye ta ba in ta shiga gidansa. Na fasa! Ka gaya wa iyayenka su zo su kwashi kayansu."

Bakin Muhibba ya buɗe, amma ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Tsoro ne ya riƙe mata harshe, kuma tun a nan ta fara tsanar kanta.

Gaskiyar magana ita ce, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa ya kamata ya doka, kuma Muhibba ce tsuntsun.

Shekara biyu tana haɗa lemon abarba da kankana da kunun aya a ɗan shagonta na Lugbe. A wurin buga sitikar gorori ta haɗu da Musaddiq. Ta je neman sitika ɗari biyu, ta dawo da sitika da kuma mutumin da kullum sai ya sami dalilin kiranta a kan launin rubutu. Shi ya yi mata katin kasuwanci, shi ya yi mata takardun tallan da take rabawa a ofisoshi da wuraren biki, shi ya yi mata allon tsaye mai hoton abarba da aka yanka, wadda in ka kalla sai miyau ya tsinko maka. Ciniki ya buɗe, soyayya ma ta buɗe.

Sai wata mata ta buɗe irin shagon a tsallaken titi, ta kafa fosta da fuskarta tana dariya. Mutanen Abuja kuwa da ido suke saye kafin su sa a baki. Cikin wata biyu firjin Muhibba ya koma wurin da lemo ke tsami.

"Ka sa min hotona, Yaya Musaddiq. Ƙarama kawai, a cikin shago zan ajiye."

"Ba zan sa ba, Hibbata. Kin san Baba."

"Baba yana Zuba, yaushe rabonsa da Lugbe?"

"Ko yana Makka. Ki ba ni mako guda, zan fito miki da abin da ya fi fuska jan ido."

Ba ta ba shi ko kwana biyu ba. Ranar da ya tafi sayo takarda, ta shiga shagonsa ta sami Kauthar a gaban kwamfuta. Kauthar 'yar kawunsa ce, kawun da ya kawo shi Abuja daga Zariya ya saya masa injin farko, kuma duk dangi sun san wa kawun yake so Musaddiq ya aura. Muhibba ma ta sani. Amma mai neman mafita ba ya duba wanda ya buɗe masa ƙofa.

"Lah, wannan ai ba komai ba ne, amaryarmu," Kauthar ta ce da fara'a. "Turo hoton. Oga ba zai ji ba."

Ƙarama guda ɗaya Muhibba ta karɓa. Ashe biyu aka buga, ta biyun ƙatuwa, ita ce Kauthar ta kai Zuba.

Daga Zuba ba ta koma gida ba, kai tsaye maɗaba'ar ta nufa. Ta tarar da Kauthar tana yanka katunan wani mai gyaran waya, hankalinta kwance.

"Me na yi miki, Kauthar? Me na tsare miki?"

"Au, kin ma tambaya?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Talla kike so, na yi miki talla. Yau duk direban da ya bi hanyar Kaduna ya san ki."

"Wallahi sai na faɗa wa kowa!"

"Faɗa mana. Sai ki fara da wanda ya turo hoton. Ina da saƙonki a wayata, har da inda kika ce kada Yaya ya sani."

"Kauthar, fita."

Musaddiq ne a bakin ƙofa, shatin yatsu biyar kwance a kuncinsa. Kauthar ta ɗauki jakarta ta fice tana ƙunƙuni, ya rage su biyu da ƙarar inji.

"Masoyi..."

"Kada ki kira ni haka yanzu."

Ta zube a ƙasa ta fashe da kuka.

"Ka yafe min! Don girman Allah ka yafe min! Shagon ne yake mutuwa a hannuna, na rasa yadda zan yi..."

"Marin Baba bai yi min zafi ba, Muhibba. Uba ne. Abin da ya ƙona ni, na ce miki a'a, kika zagaya ta bayana kika kai wa wadda kika san ba ta ƙaunar ganinmu tare."

"Zan je in gaya masa gaskiya."

"Ba za ki je ba."

"Me ya sa?"

"Kin manta sharaɗinsa? In ya san ke ce, shagon ya tafi. Na ga yadda kika tara shi, gora bayan gora. Ni na riga na sha marin, kada ya tashi a banza."

"To ni da kai fa?"

Ya juya mata baya yana gyara takardar da ba ta karkace ba.

"Ki je gida. Wataƙila Baba ya huce."

Baba bai huce ba. Kwana huɗu Muhibba ba ta iya cin abin kirki, wayarta a kashe saboda kiran 'yan iska, in ta kunna ta kira Musaddiq kuma tasa ba ta shiga. Abin takaici, ciniki ya dawo. Mutane na tsayawa su ce, "Ke ce ta fostar nan?" su sayi gora uku-uku. Tana miƙa musu tana jin kamar naman Musaddiq take sayarwa.

Rana ta biyar, Umma ta same ta a ɗaki da safe.

"Gobe iyayen Musaddiq za su zo kwasar akwatunan lefe. Na ji kawunsa har ya fara maganar a mayar da ranar kan 'yarsa, tunda an riga an gayyaci mutane." Ta zauna ta zuba mata ido. "Muhibba, ni na haife ki. Yaron nan ba halinsa ba ne. Akwai abin da kike ɓoyewa?"

Muhibba ta miƙe ta zuba mayafi, ta ɗauki makullan shago.

"Ina za ki?"

"Inda aka mare shi, Umma."

Ƙarfe goma kasuwa ta cika maƙil. Alhaji Yahuza na zaune a benci cikin abokan sana'arsa ana cinikin motar ayaba. Ta ratsa su ta durƙusa a gabansa a kan ɓawon kankana da laka, ba ta ko duba ba.

"Me ya kawo ki nan? Ba ki gaji da kunyata ni ba?"

"Baba, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na sa aka buga hoton. Na roƙi Musaddiq ya ƙi, ya ce kai ka hana. Na bi ta bayansa na kai wa Kauthar. Ita ta kawo shi nan, amma ni na ba ta. Bai taɓa ganinsa ba sai ranar da ka mare shi."

Alhaji ya gyara zama.

"Kin san abin da kike faɗa? Kin san abin da na ce zai biyo baya?"

"Na sani." Ta ajiye makullan a gaban takalminsa. "Ga su. Ka rufe, Baba. Ka dake ni in kana so. Amma kada ka raba ni da shi a kan laifin da ba nasa ba. Wallahi ba zan iya ba... ba zan iya rayuwa ina ganinsa da wata ba!"

Wannan magana ce da 'ya mai kunya ba ta faɗa a gaban uba, balle a gaban abokansa. Wasu dattawan suka kawar da kai. Alhaji ya daɗe yana kallon makullan, sannan ya ɗauka ya zura a aljihu. Ya ciro waya.

"A nemo min yaron nan."

Kusan awa guda tana durƙushe, ba wanda ya ce ta tashi. Da Musaddiq ya iso ya gan ta a haka, sai ya tsaya cak.

"Muhibba, me kika yi?"

Alhaji ya miƙe tsaye.

"Musaddiq, a gaban mutanen nan na mare ka, a gabansu nake roƙonka gafara. Na zalunce ka."

"Subhanallahi, Baba, don Allah..."

"Bari in gama. Yarinyar nan ta saɓa min, ta saɓa maka, ta tsaya tana kallo aka mare ka ta yi shiru. Shago kuwa na rufe, ba na magana biyu. Yanzu ba ta da komai sai halin da ka gani da idonka. Ba zan ɗora maka ita dole ba. In ka fasa, babu mai ganin laifinka."

Musaddiq ya tsaya yana kallonta.

Muhibba ta rufe ido. Ba ta taɓa tunanin nan za a zo ba. Duk hanya tana shirin fushin Baba ne, ba ta shirya wa shirun Musaddiq ba. Ta shiga maimaita sunan Allah.

Sai ta ji ya durƙusa kusa da ita, a cikin lakar.

"Na ce kada ki zo," ya faɗa a hankali. "Yau ma ba ki ji maganata ba."

"Ban ji ba..."

"Shekara biyu kika yi kina wahala a kan shagon nan, Hibba."

"Na sani. Na auna su, ba su kai ka ba."

Ya sauke numfashi mai nauyi, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ɗaga kai ya dubi Alhaji.

"Baba, ina sonta. A bar ranar yadda take."

"Allah ya yi muku albarka," in ji Alhaji, ya juya da sauri yana tambayar inda aka kwana a cinikin ayaba, don kada a ga idonsa.

Aka ɗaura aure ranar da aka sa. Kawu bai zo ba, ya kuma aiko a kwashe injinsa, sai da Musaddiq ya koma aiki a maɗaba'ar wani. Shagon Lugbe yanzu mai sayar da caja ne a ciki. Har yau in suka wuce ta wurin Muhibba takan kawar da kai, wani lokaci ta share ido da gefen mayafi.

Wata rana ya tambaye ta, "Kina da-na-sani, ko?"

"Ina kewar shagon," ta ce. "Kullum ina kewarsa. Amma ko gobe aka mayar da ni Zuba, a nan zan sake ajiye makullan."