Falala da Palala

Kiret ɗin ƙwai ne ya haɗa su. Zuhra ta buɗe get da niyyar faɗa don an makara da kawo saƙon Umma, sai ta ga saurayi tsaye da ƙurar hanyar Uke a takalminsa, yana murmushi.

"Ranki ya daɗe, go-sulo ne a Maraba. Amma ki ƙirga, ko ɗaya bai fashe ba."

Faɗan da ba a yi ba ke nan. Sunansa Rilwanu, ya gama jami'a ya rasa aiki, sai ya kama kiwon kaji a Uke, ya sa wa gonar suna Falala. Kafin wata biyu ta raɗa masa Malam Ƙwai, shi kuma Tauraruwata yake kiranta.

"Tauraruwata, mahaifiyata Inna Kande ta ce in gaya wa surukarta ta gaggauta, ƙafafunta sun fara gajiya amma sai ta yi rawa ranar bikinmu."

"Ka ce mata ta ajiye min rawar, Malam Ƙwai."

Ranar da ya zo gaida Abba, darakta guda a ma'aikatar tarayya, ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai. Abba ya dube shi sama da ƙasa.

"Kaji? To, akwai inda mutum zai ga sana'ar taka?"

"Akwai shafi a intanet, Alhaji. Falala kawai za a rubuta."

Abba fa mutum ne mai ji da Turancinsa. Ya daɗe yana tsokanar 'yan Arewa da cewa ba su san bambancin P da F ba. Bayan tafiyar Rilwanu ya buɗe laftof, can sai ga kira kamar gidan zai tsage.

"Zuhra! Zo ki ga gonar mijin naki!"

Shafin caca ne fal allon, ga ƙwallo, ga 'yan mata rabi tsirara. Ta danna baya, ya sake dawo da ita can. Ta rufe ta buɗe, duk kanwar ja ce.

"Ɗan caca zan ba 'yata? Ga Abdulmajeed a ofishina, yaro mai mutunci, kin tsaya wa mai kaji!"

Ta tura wa Rilwanu baƙar magana a kan shafin cacar. Amsarsa ta shigo tana cikin kuka: "Wallahi ban san zancen ba. Ki buɗe a wayarki ki gani, don Allah, Tauraruwata."

Ba ta buɗe ba. Zuciya ta ɗebe ta, ta toshe lambarsa. Ai idonta ya gani, me kuma ya rage?

Haka damina ta wuce. Abdulmajeed yana zuwa da turare da dogon Turanci, tana zaune kamar an dasa ta. Wata ranar Asabar Abba ya miƙo mata laftof ɗin, wai tallace-tallace sun dame shi, ta share masa tarihin birauza. Tana gangarawa ƙasa idonta ya faɗa kan wata kalma: palala.

Ta sake duba kalmar da kyau. Nan take ta rubuta falala. Ga kaji farare, ga Rilwanu da hularsa yana dariya.

"Abba, me ka rubuta ranar nan?"

Ya gyara tabarau ya leƙa. "To ai na ɗauka Palala yake nufi, bakinsa ne ya karkace irin nasu."

"Falala ce, Abba. Hausa ce, ba Turanci ba."

Sai ya ce intanet ɗin nan duk 'yan damfara ne. Iyakar haƙurin da ya bayar ke nan.

Ta kira Rilwanu. Sai da ta kusa katsewa ya ɗauka.

"Malam Ƙwai, ka yafe min. Na zalunce ka."

"Na yafe tun tuni, Zuhra." Muryarsa ta yi sanyi. "Inna dai ta rasu watan jiya. Har ta cika tana tambaya ko kin huce."

Wayyo, kukan da Zuhra ta yi ranar ba ya faɗuwa. Ba Abba ta fi jin haushi ba, kanta ta fi tsana, da ta kasa buɗe shafin a wayarta kamar yadda ya roƙe ta.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Abba da kansa ya tsaya, ya sa albarka, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, jama'a suka amsa da amin. Da aka kai amarya Uke, guɗa ta cika gidan, ƙannen Rilwanu suka share fili ana ta rawa.

Rilwanu ya rage murya ya ce, "Tauraruwata, yau ma kuka?"

Ta kalli ƙofar ɗakin Inna Kande da kwaɗo a jiki.

"Na ce ta ajiye min rawar, Rilwanu. Ni ce na makara."