Na'urar da Ke Ɗaukewa da Magariba

Rana ta riga ta faɗa bayan itatuwan da ke wajen iyaka, ladan bai kira ba tukuna, lokacin da kwamfutar Bunyaminu ta yi ƙara. 'Yar ƙara ce siririya, irin wadda manhajar ke yi idan wata na'ura ta daina amsawa. Yana cikin ɗakin zaure da ya mayar wurin aiki, ya naɗe hannun riga zai yi alwala. A tsakar gida matarsa Safina tana kwashe tuwon shinkafa, ɗiyarsu Mashkura kuma tana kora kaji akurki.

Raba intanet ita ce sana'arsa a Illo. Farkon daminar nan ya kafa dogon turken ƙarfe a bayan ɗakin kwanansu, ya ɗora eriya a kai, daga nan sabis ke tafiya shagunan 'yan kiliyarin masu fitar da kaya daga kwastan, da rumfunan masu POS na bakin kasuwa, da wani ƙaramin asibiti a gefen gari. Duk na'urorin nan a allo ɗaya yake kallonsu, kowace da ɗigonta kore. Yau ɗigo ɗaya ya koma ja, kuma na turken gidansa ne. A ƙarƙashinsa manhajar ta rubuta da Turanci cewa an aika tambaya, lokaci ya ƙare, ba a sami amsa ba.

Bai damu ba. Ya kashe rauta ya kunna, ya leƙa batiran sola ya same su a cike, ya zare kebul ya hure bakinsa ya mayar. Ɗigon na nan ja. Ya tafi masallaci da abin a ransa. Da ya dawo daga sallar isha'i ya tarar komai kore, kamar ba a yi ba.

Washegari ma haka, rana na faɗuwa. Jibi ma haka.

Bunyaminu mutum ne mai bin abu daki-daki, ba ya yarda a ce matsala ta rasa dalili. Ya fara zargin sabis ɗin ƙetare, don a Illo waya kan kama na Benin ko mutum bai motsa daga tabarmarsa ba, sai ya canja wa eriyar tasha. Ya sake kebul tun daga sama har ƙasa. Ya sabunta manhajar. Sai saƙon ya canja salo: wai na'urori biyu suna jayayya a kan adireshi ɗaya. Ya bi na'urorinsa ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata adireshin, babu wadda ta hau kan wata. Ya kira Sadisu, abokin karatunsa da ke irin wannan aiki a Birnin Kebbi.

"Wani ne ya shigo maka," in ji Sadisu. "Canja lambobin sirri duka. In bai bari ba, to na'urar ta sha ruwa, sauke ta ka ɗora sabuwa."

Ya canja lambobin. Ya hau turken da tsakar rana ya ɗora sabuwar na'ura fil daga kwali. Da magariba ta yi, sabuwar ma ta ɗauke. Ya zauna ya shigar da sunansa da lambar da shi kaɗai ya sani, sai allon ya amsa masa: ba ka da izinin shiga nan.

Yana kallon rubutun nan dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Ba jifan yara ba ne. Jifan yaro kan zo daga gefe, ya gangara. Wannan daga sama ya sauko, da nauyi, ya tsaya inda ya faɗi. Na biyu ya biyo, na uku ya fasa randar da ke gindin rumfa. Safina ta fito daga madafi da muciya a hannu, tana salati. Bunyaminu ya zaga bayan katanga da tocila, bai ga kowa ba sai akuyar maƙwabta da ta manne da bango tana rawar jiki. Da ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun sai ya ji shi a jiƙe, da gansakuka a jikinsa, da sanyi irin na abin da ya daɗe a ƙasan ruwa.

Daga ranar gidan ya canja. Da safe lafiya lau, a yi shara, a yi dariya. Amma inuwa na fara tsawo sai magana ta ragu. Kaji suka daina shiga akurki, suka koma kwana a kan katanga. Safina ta fara gama girki tun la'asar, ta tura ƙyaure. Mashkura, yarinya mai surutu da ba ta wuce shekara sha huɗu ba, ta zama sai a kira ta sau biyu kafin ta waiwayo.

"Baban Mashkura," Safina ta ce masa wata rana da murya ƙasa-ƙasa, "wanga abu ba na waya ba ne. Tun da aka kafa ƙarfen nan ban sake barci mai daɗi ba."

"Bari in gwada abu ɗaya," ya ce. "Saura gindin turken ban auna ba."

A gindin turken akwai sandar jan ƙarfe da ya buga cikin ƙasa, ya haɗa ta da waya, don idan tsawa ta faɗo ta bi ta nan ta nutse, kada ta shiga gida. Ya yi tunanin ko wuta ce ke zurarewa ta wurin. Da yamma ya ɗauki mitarsa, ya jira har ƙarar kwamfutar ta tashi, sannan ya zaga bayan ɗaki.

Akwai mutum a wurin. Mashkura ce a durƙushe, ɗankwalinta a ƙasa, tana tonon gindin sandar da yatsunta. Ƙasar ta yi tauri, faratanta sun fashe, jini ya haɗu da laka, amma ba ta ko sassauta ba.

"Mashkura?"

Ta juyo a hankali. Fuskar tata ce, idanun ba nata ba. Ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito, mai kauri, tana magana da wani Dendanci na da wanda ko a kasuwa ba a jin irinsa. Bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya gane faɗa ake masa. Ya kama hannunta zai ɗaga ta, sai ya ji kamar ya kama ginshiƙi. Sai da aka kira isha'i jikinta ya saki, ta zube a ƙirjinsa.

Da gari ya waye ya ja babur ya nufi Kende, wurin Malam Zulkiflu, wani malami da aka sani da ruƙiyya. Malam ya saurare shi har ƙarshe, bai katse shi ba. Ya ce su yi sallar la'asar tukuna, don mai abin ba ya zuwa sai lokacinsa.

Sun iso Illo hadari na haɗuwa ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta tsaya cik. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kawo ruwa a ƙwarya. Safina ta rufe Mashkura da mayafi ta riƙe kanta a cinya. Malam ya zauna ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, ba kuma da sauri ba. Haske na raguwa. Daga ɗakin zaure aka ji 'yar ƙarar kwamfuta. A daidai nan yarinyar ta miƙe zaune, ta ture hannun uwarta.

Malam bai daina karatu ba sai da ta toshe kunnuwa tana gurnani. Sannan ya ce, "Yi Hausa, na san kina ji. Wace ce ke, kuma mi kike nema ga ɗiyar mutane?"

"Ni na riga su zama nan," muryar ta ce. "Rijiya ce wurin ga, tun ba a ja abin da kuke kira iyaka ba. Aka cike ta, ban ce komi ba. Aka yi gini, na matsa. Sai wancan ya zo," ta nuna Bunyaminu da yatsa mai ƙullin tsumma, "ya buga ƙarfe ya ratsa ƙafar ɗana. Yana can a kafe. Kullum rana ta faɗi sai in kama ƙarfen in ja, ba ya fita. Na yi jifa, ba su ji ba. Na ari hannun ɗiyarsa."

Bunyaminu ya dubi Malam. "Wallahi ban sani ba," ya ce.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Kin ji. Kuskure ne, kuma za a gyara. Amma ke da saninki kika shiga jikin da ba naki ba. Fita."

"Ƙafa da ƙafa," ta ce. "In bar ta gurguwa, mu yi daidai."

Safina ta fashe da kuka. Malam ya tsoma hannu a ƙwarya ya yayyafa ruwan, ya ɗaga murya da karatu. Yarinyar ta yi wata ƙara da ta sa kajin kan katanga suka watse.

"To a yanka min baƙin bunsuru a bakin ramin!"

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Ko ɗigon jini ba ki samu a gidan nan."

Can nesa aka yi cida, ƙasa ta amsa. Da muryar ta dawo, ta rage kauri, har da wata gajiya a cikinta.

"To ya cire ƙarfen. Da hannunsa, yanzu, kafin hasken nan ya ƙare. In ɗauki ɗana mu gangara bakin kogi."

"Ki rantse da wanda ya halicce mu da ku ba za ki dawo ba, ke da naki."

"Ya cire tukuna."

"Rantsuwa tukuna."

Ta daɗe tana huci. Sannan ta rantse.

Malam ya dubi Bunyaminu. Shi kuwa sama yake kallo. Ya san abin da Malam bai sani ba: idan ya zare sandar nan, turken zai tsaya tsirara a kan ɗakinsu, ga hadari a kansu, kuma duk wanda hannunsa ke kan wayar lokacin da tsawa ta sauko, ba a ko tsayawa neman mai magani. Ya dubi ɗiyarsa, da tsummokaran da ke yatsunta. Ya ruga ɗakin zaure ya kashe komai, inbata da rauta da batira. Allon ya yi duhu. Nan take wayarsa ta fara ruri, masu shaguna ne da mutanen asibiti. Ya kife ta a kan tebur, ya ɗauki sifana da diga.

Iska ta taso lokacin da ya durƙusa a gindin turken. Noti ya yi tsatsa, sifana na zamewa. Walƙiya ta haske bayan ɗakin fari fat, ya ji gashin hannunsa ya miƙe. Ya danne da dukan ƙarfinsa, notin ya juya, wayar ta rabu da sandar. Ya jefar da ita gefe ya hau sara. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ta zama laka, ramin na cika yana kwashewa da tafin hannu. Daga tsakar gida yana jiyo karatun Malam, a ƙarƙashinsa kuma muryar tsohuwar tana cewa, "Ja! Ja mana!"

Ya rungumi sandar ya ja. Ba ta motsa ba. Ya girgiza ta, fatar tafinsa ta saɓule. Ya yi bismilla ya sake ja, sai ya ji abin ya yi sauƙi farat ɗaya, kamar wani ya tallafa daga ƙasa. Sandar ta zaro, ya faɗi da baya cikin laka. Wani sanyi ya huro daga ramin, da warin tsohon ruwa, ya wuce ta gefen fuskarsa ya bi ta kan katanga.

A tsakar gida Mashkura ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, sannan ta sulale a jikin uwarta.

Ba su tsaya ba. Bunyaminu ya saɓe ta a kafaɗa, suka fice cikin ruwan zuwa gidan maƙwabta, nesa da turken. Suna shiga zaure tsawa ta faɗi a bayansu, ƙarar ta girgiza ƙyaure. Da safe za su tarar eriyar ta narke, bangon ɗakin kwanansu ya tsage daga sama har ƙasa, kuma a makon nan Bunyaminu zai sauke turken ya kai shi wani fili a bayan kasuwa. Amma a wannan lokacin babu wanda ya waiwaya.

An kwantar da yarinyar a kan tabarma, matar gidan ta kawo fitila da busasshen zane. Malam ya tofa addu'a a ruwa aka ɗura mata. Can ta buɗe ido. Nata ne. Ta dubi uwarta, ta dubi baƙon malamin, sannan ta tsaya a kan hannuwan ubanta da ke ɗigar jini da laka.

"Baba," ta ce da 'yar muryarta, a dishe. "Yaron nan fa? Ya samu ya taka ƙafar?"

Safina ta damƙe hannun ɗiyarta. Malam Zulkiflu ne ya sunkuyo, ya gyara mata mayafin.

"Uwarsa ta goya shi, ɗiyata," ya ce. "Sun tafi. Ki yi barci."