Hoton Baba da Auren Widad

Tunda aka gina madatsar ruwa ta Makwar ba a zalunci mutum kamar yadda ake zaluntata ba. Ni Sambo, mai gashin baki mafi kyau a ƙauyenmu, kwana tara ana ba ni kofin ƙarshe na jabana, gahawarmu, mai ɗiga!

Ga mafarin abin. Innata, Hajiya Barakatu, hoto ɗaya take da shi na marigayi babanmu, wanda ya ɗauka a Wad Madani shekarar da ya iso daga Sakkwato. Ana saura sati biyu auren jikarta Widad, ta buɗe akwati ta tarar fuskar ta narke. Rawani na nan, gemu na nan, tsakani fari fat.

Tahir, angon, shi aka gani kwana ɗaya kafin nan yana ɗaukar hoton da waya.

"Wanda ya shafe fuskar mijina ba zai shigo zuriyarsa ba," in ji Inna, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Habboba, kakata, wallahi bai taɓa shi ba," in ji Widad tana kuka.

"To aljani ne?"

Masu dakan turaren biki suka kife turmi. Wayar ma ba ta ceci Tahir ba, hoton da ya ɗauka ya fito dishi-dishi.

Tahir bai yi musu ba. Ya naɗe hoton a hankici, ya hau bas zuwa Madani, ya bi masu gyara ɗaya bayan ɗaya. Sai a garin Suki ya sami wani tsoho, abokin noman Baba, da hoton da suka ɗauka tare. Da shi aka mayar da fuskar.

Inna ta daɗe tana kallo, ta shafa gemun da yatsa. "Shi ne. A ci gaba da daka."

Da yamma Tahir ya ja ni gefe. "Kawu, mai gyara ya ce turare ne ya cinye shi. Na gane ƙanshin. Ban gaya wa kowa ba."

Yara, ku koyi haƙuri da rufin asiri wajen yaron nan, da su ya sami matarsa. Ni kuwa so na yi Sabah mai shayi ta ga na fi Baba kyau, na goge hoton da turarena don ya yi ƙyalli. Kwana tara ke nan da na gaya wa Inna da bakina, tun daga ranar kofin ƙarshe nake samu.