Talabijin Mai Ɗankwali Uku

A unguwarmu ta masaƙa a birnin Margilan, kowa ya san Inna Hosiyat ba ta yarda a fi ta da komai. In maƙwabciyarta Robiya ta yi tari biyu, ita sai ta yi uku.

Shekara uku ke nan ɗanta Shuhrat yana aikin gini a Rasha. Wata biyu da aure ya tafi, ya bar amaryarsa Mohira da tsintsiya da butar shayi da surukuwa. Waya kuwa, Inna ta ce ba kayan amarya ba ne. Duk Juma'a da la'asar in ya kira ta bidiyo, Inna ce ke cafe tata wayar ta manna a fuska. Na rantse, a shekara ukun nan abin da yaron ya gani na gidansu bai wuce ƙofofin hancin uwarsa ba.

Mohira takan tsaya bakin ƙofa, hannu a ƙirji kamar yadda aka koya wa kowace amarya.

"Inna, ko in ɗan gaishe su?"

"Wace 'yar mutunci ce ke zuba wa miji ido gaban uwarsa? Je ki duba shinkafa!"

Sai ta tafi bayan tanderu, inda hayaƙi ke ɗaukar laifin hawaye. Uwarta ta aiko mata: "Dawo gida. Wanda bai nemi ganinki ba shekara uku, ya manta kamanninki." Mohira ta ƙunshe kayanta ta cusa bayan katifu, ta ce a ranta Juma'a ɗaya za ta ƙara.

A makon nan Robiya ta yi sabuwar talabijin ta bango. Inna ta je barka, ta faki ido ta auna ta da ɗankwalinta: biyu da taki ɗaya. Washegari ta ja Mohira kasuwa.

"Wannan inci hamsin da biyar ce," in ji mai shago.

"Ban san inci ba, ɗana. Ɗankwali uku nake so!"

"Anya ɗakin zai ɗauka?"

"In bai ɗauka ba a rushe shi!"

Mohira ta ce a hankali, "Inna, 'yar madaidaiciya ma ai..."

"Ke aka tambaya?"

Ƙarti huɗu suka kawo ta, sai da aka cire ƙyaure. Da aka kunna, kyanwar gidan ta yi ido huɗu da mai karanta labarai, har yau ba ta dawo ba. Mai shago ya haɗa wayar Inna da talabijin, ya ce in za a yi kira, a jingine wayar a ƙasanta kawai.

Ran Juma'a Inna ta gayyato Robiya, don meye amfanin ɗankwali uku in ba a gani ba? Wayar ta yi ƙara. Fuskar Shuhrat ta cika bango.

Ashe ƙaramar waya ta iya rufa asiri! Kumatunsa sun zurma. A bayansa, a jikin ƙusa, ga ɗamarar da Mohira ta yi wa ado da zaren alharini, har ta koɗe. Shi kuma a karon farko yana ganin ɗakin duka.

"Inna, ina wuni... Wa ke can bakin ƙofa?" Ya matso da fuskarsa. "Mohira? Ke ce? Kullum na tambaya sai a ce kina wajen shinkafa. Wace irin shinkafa ce shekara uku ba ta nuna ba?"

Mohira ta matso, butar shayi a hannunta. "Kun rame," abin da ta iya faɗa ke nan.

Hawayensa suka gangaro a bangon, kowane ɗigo ya kai ƙwan kaza.

Robiya ta kurɓi shayi. "Gaskiya, Hosiyat, taki ta fi tawa. Tawa ba ta taɓa nuna min abin kunyata ba."

Inna ta daɗe tana kallon ɗanta, shi kuwa ba ita yake kallo ba. Ta miƙe, ta karɓi butar daga hannun Mohira.

"Zauna, 'yata. Robiya, taso mu duba shinkafa."

Ranar ce Mohira ta kwance ƙunshinta. Yanzu duk Juma'a gaisuwa kaɗai Inna ke yi ta fita, ta ja musu ƙyaure.

To 'yan mata, ku riƙe wannan: mai haƙuri, ko gasar maƙwabta sai ta yi masa aiki. Ku kuma iyaye, kada ku tsaya tsakanin ɗa da matarsa har sai bango ya faɗa muku gaskiya a gaban baƙi.